Farin Zoben da Ban Sa Ba

Talata, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An jawo Lamba Tara, babbar motar kayan kamfaninmu, yau da janwe. Sun ajiye ta can ƙarshen gareji kusa da tulin tsofaffin tayoyi, Manaja ya sa an lulluɓe kanta da tamfol. Ban je kusa ba. Daga ramin da nake aiki na hango ɓangaren direba ya shige ciki kamar gwangwanin da aka taka.

Dogo yana asibiti. Mijin Yayata ne, shekara shida ke nan shi ke tuƙa ta. Ƙafa ta karye wuri biyu, kai ya bugu, amma yana numfashi da kansa. Yaya tana wurinsa tun jiya.

An ce a gangaren bayan gada ne, da rana tsaka. An ce akwai wani mutum a kan keke a gefen hanya. Shi ba asibiti aka kai shi ba.

Littafin nan don rubuta ma'aunin noti na saye shi. Tunda ba ni da wanda zan gaya wa, bari in gaya wa takarda.

Laraba, 4 ga wata, da safe

Ni na buɗe injin Lamba Tara watan jiya. Iyakar abin da zan rubuta yau ke nan.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je asibiti bayan an tashi. Ya farka. Yana gani na ya ce, "A'a, Sannu-sannu, har ka iso? Na ɗauka sai an sallame ni." Haka yake kira na, wai noti ɗaya nakan ɗaura a wuni. Na ce ai sannu ba ta hana zuwa. Ya ce, "Sai dai a tarar an cinye abinci." Ya yi dariya, haƙarƙari ya kama shi, Yaya ta harare mu duka biyu.

Ba ya tuna komai. Ya ce ya tuna ya tsaya ya sha shayi kafin gada, ya zaga ya bubbuga tayoyi, ya hau. Daga nan sai fankar asibiti a saman kansa.

Ya tambayi mota. Na ce tana gareji. Sai ya ce, "Ban dai taɓa kowa ba ko?"

Yaya ta ce, "Ungo, sha ruwa."

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya shigo da wani ɗan sanda da mutumin inshora. Suka sa Baba ya duba birki da tayoyi da sitiyari. Baba shi ne babban makanikinmu, ba mahaifina ba ne, amma shi ya koya min riƙon sufana, kuma tun ina da shekara sha uku a ƙarƙashinsa nake. Ya ce birki lafiya, taya lafiya. Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya ce a buɗe inji.

Na ji Manaja yana cewa, "To me ya rage? Barci ne." Ɗan sandan ya rubuta.

Bari in rubuta yadda abin yake don kada kaina ya rikita shi. Irin wannan injin, baƙin mai aiki biyu yake yi. Yana shafe ƙarafa kamar a kowace mota. Sannan akwai famfo da ke matsa shi da ƙarfin gaske, ya tura shi ta wani bututu, shi ne ke danna nozul su fesa gas. In ƙarfin man nan ya faɗi, nozul sun tsaya, inji ya mutu kamar an hure fitila. A bakin bututun akwai sil, zoben roba baƙi, bai fi a sa a babban yatsa ba. Shi ke tare duk ƙarfin nan.

Watan jiya aka kawo sababbin bututu a kwali. Kowane da baƙin zobe, sai kuma wani fari mai tauri a bayansa, da ɗan yanka a gefe. Akwai takarda a ciki, rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. A garejinmu ba a bin takarda. Dokar Baba ita ce ka ɗora sabo a kan tsoho, abin da ya zo daidai ka sa, abin da ya yi saura marufi ne. Tsohon ba shi da fari. Baba ya ce a cire, ai don kada robar ta lotse a hanya aka sa shi.

Na cire. Amma na lura gurbin sabon bututun ya fi na tsohon faɗi, robar tana wasa a ciki in ka taɓa ta da farce. Na ce, "Baba, tana wasa fa." Ya ce, "Mai zai kumbura ta. Ɗaura, direba na jira." Na ɗaura.

Mota uku muka yi wa haka. Huɗu, Tara, Sha Biyu.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Wataƙila barcin ya yi. Mutum ne. Wataƙila.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Wata injiniya ta zo daga wurin masu kawo mana kaya. Ba don Lamba Tara ta zo ba, dama tana zagaya gareji-gareji ne tana nuna sabon sil. Ta tara mu a gindin benci, ta ɗaga bututu sama. Ta ce tsohon zoben shi kaɗai yake tsayawa, shi ya sa yake saurin gajiya. Yanzu an faɗaɗa gurbin an sa masa farin a baya. "Farin shi ne bango," ta ce. "Robar ta jingina da shi, mai ya danna, ba inda za ta je."

Mai Walda ya ce, "Ikon Allah, roba ma yanzu sai da mai gadi?" Kowa ya yi dariya, har ita.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, in babu farin fa?

Ta ce sabon bututu in babu farin, ai gara ma tsohon. Da safe mota za ta tashi lafiya lau, ba wanda zai gane. Amma in ta yi doguwar tafiya mai ya yi zafi ya tsinke, zai riƙa cusa robar cikin tsaga yana gutsurarta. Sati biyu, wata biyu, ba a sani ba. Ran da ta fashe, inji ya mutu, galibi daidai lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur.

Gangare. Ka ɗaga ƙafa, ka taka kuloci za ka rage giya. Inji ya mutu a nan, giya ta ƙi shiga, sitiyari ya zama dutse, kaya tan talatin a bayanka.

Ta tambaya ko mun riga mun sa wasu. Baba ya ce, "Mun sa, ranki ya daɗe. Yadda suka zo." Bai kalle ni ba. Ni kuma na kalli takalmina.

Talata, 10 ga wata, lokacin hutun rana

Na same shi shi kaɗai yana wanke hannu da gas. Na ce, "Baba, Lamba Tara."

Ya ce, "Ka ga cikin injin?"

Na ce a'a.

"To da me za ka yi shaida?"

Na ce a buɗe mana. Ya yarfe hannu ya ce, "Yaro, motar nan ta fi ƙarfina yanzu, ta fi naka." Ya daɗe yana goge yatsa ɗaya da tsumma, yatsan kuwa ba komai a jikinsa.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Dogo ya sani. Ɗan sandan ya je ɗaukar bayani, ya faɗa masa komai a gaban mutane, har yawan 'ya'yan mai keken.

Da na shiga bai tsokane ni ba. Fuskarsa tana bango. Can ya ce, "Sannu-sannu, wai barci na yi?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ne, ban sani ba. Amma ban taɓa jin gaskiya ta yi min ɗaci a baki haka ba.

Ya ce, "Shekara sha shida ina kan hanya ban taɓa gyangyaɗi a sitiyari ba. In na ji ido ya yi nauyi nakan faka, har ana min dariya. Amma an ce mai barci bai san ya yi ba." Sai ya ce, "'Ya'yansa uku ne. Ƙaramar ba ta fara tafiya ba."

Yaya ta fita da kwano, alhali ba a taɓa abincin ba balle a wanke.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya sa an shigo da Lamba Huɗu wai sabis. Lokacinta bai yi ba. Ya sallami kowa ya ce ni in tsaya.

Muka cire marfin inji, muka zaro bututun. Robar ta cinye gefe ɗaya kamar ɓera ya kwana a kanta, saura ɗan zare ya riƙe. Baba ya karɓa ya kai ta dab da hancinsa, ya matsar, ya sake kawowa, daga ƙarshe da babban yatsa ya shafa ya gane. A nan na fahimci abin da na daɗe ina gani ina kau da kai. Yana laluben sufana a benci. Yana kiran sufana mai lamba sha uku sha biyar. Gurbin nan da na nuna masa watan jiya, bai gan shi ba ne sam.

Ya jefa robar a aljihu ya ce, "Sa sabo. Yadda yarinyar nan ta ce."

Na sa farin a baya, baƙin a gaba. Ya zauna ɗas, ko motsi. Minti biyu aikin. Minti biyu.

Sha Biyu za ta shigo jibi. Direbobin ba su san komai ba, suna ta gode wa Baba da kula.

Lahadi, 15 ga wata, da rana

Yaya ta kira. Dogo ba ya cin abinci.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na wanke hannu sau uku na je ofishin Manaja. Na zauna a benci tun sha ɗaya har biyu da rabi. Zama ba ya ba ni wahala.

Na ce ina roƙon a ba ni rabin wuni in buɗe injin Lamba Tara. Ya ce motar tana hannun 'yan inshora, ko noti ba za a taɓa ba, kuma rahoto ya riga ya tafi. Sai na gaya masa komai, farin zobe, gurbi, Lamba Huɗu. Ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Karatunka ina ya tsaya?"

Na ce aji huɗu.

"To Malam aji huɗu, wa ya sa hannu a katin aikin?"

Na ce Baba. Amma ni na ɗaura.

"Takarda ba ta san wanda ya ɗaura ba. Kana son tsohon nan ya ƙarasa rayuwarsa yana hawa matakalar kotu? A kan zato?" Ya ce Dogo ba za a ɗaure shi ba, sun yi magana, lasisi kawai za a karɓe. Ya ce wannan ai sauƙi ne, in gode wa Allah.

Na ce, ranka ya daɗe, ba lasisin ne ke cin sa ba. Ya ɗauka shi ya kashe mutum.

Ya buɗe min ƙofa.

Laraba, 18 ga wata, lokacin hutun rana

Na samu lambar injiniyar a jikin kwali. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce, "Zai iya yiwuwa. Sosai ma." Na ce to ta rubuta. Ta ce ba za ta iya rubuta abin da ba ta gani ba, amma in kamfaninmu ya nema a rubuce, za ta zo da kanta a buɗe a gabanta.

Kamfaninmu kuwa shi ne mutumin da ya buɗe min ƙofa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na tsinci kaina a gaban tamfol ɗin da sufana a hannu. Mai gadi ya taso da sauri yana jan ƙafa. "Sannu-sannu, ka rufa min asiri. An ce ko inuwar mutum ta faɗa kanta ni za a kora." Ya riƙe min hannu kamar mai roƙo.

Kan motar ya danne injin, sai an ɗaga shi da ƙugiya, sai mutum uku. Ko ya bar ni ba abin da zan iya ni kaɗai. Taku huɗu tsakanina da ita. Na ƙirga.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Yau ma tana nan. Iska ta ɗage gefen tamfol, na je na sa dutse na danne.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Dogo ya rame har ƙashin kumatu ya fito. Nas ta ja ni gefe ta ce ƙafar tana haɗuwa, amma mutumin nan yana faɗa da barci. In ido ya fara rufewa sai ya mintsini cinyarsa, duk ta yi baƙi. Sun ba shi magani, ya ɓoye a ƙarƙashin harshe ya tofar.

Na ce masa, Yaya Dogo, jiki fa sai da hutu. Ya ce, "Na yi wanda ya isa." Ya ce in ya rufe ido yana ganin keke da buhu a baya, bai san ko tunowa yake yi ko kansa ke zana masa ba. Ya ce ko amalanke ba zai sake turawa ba.

Yaya ta rako ni har bakin matakala. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta san fuskata fiye da madubi. Ta ce, "Auta, kai ne makaniki. Motar nan ba wani abu a jikinta?"

Na ce ana dubawa.

Ta ce, "To Allah ya sa a gani." Har ta gyara min wuyan riga.

Ana dubawa. Wa ke dubawa?

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Babu Lamba Tara. Na shigo da safe na tarar da fili, sai tabon baƙin mai a ƙasa da duwatsu huɗu da aka tare tayoyi. Mai gadi ya ce 'yan gwangwan ne suka zo jiya Lahadi da takardar inshora.

Na bar aiki na bi su. Filinsu yana bayan gari, ƙarafa tsibi-tsibi. Na gane ƙofarta a jingine, da lambar a jiki. Na tambayi mai yankan ƙarfe ina injin. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Wanne? Inji tara muka farfasa jiya." An raba ƙarfe gefe, alminiyam gefe, an loda an wuce da su wurin narkawa tun da asuba. Na ce akwai wani bututu da roba a baki. Ya kalle ni, ya kalli tsibin, ya ce, "Ɗan'uwa, lafiyarka kuwa?"

Na tona wajen awa biyu. Ya bar ni, har ruwa ya ba ni.

Da na dawo Baba yana zaune kan tsohon batir. Ya ce, "Wallahi ban san za su zo ba." Na yarda da shi. Ya ce, "Je ka gaya wa Dogo. Ka ce ni na ce a cire."

Na ce, Baba, hannuna ne ya sa, kuma idona ya gani.

Na ga yana kallon wajen da nake, amma ba daidai fuskata ba.

Talata, 24 ga wata, da yamma

Na je har ƙofar asibiti. Na tsaya wurin mai sayar da lemo. Na dawo.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na nemi izini na tafi asibiti da rana. Yaya ba ta ɗakin, an ce ta je ɗebo ruwan zafi. Na ja labule na zauna a bakin gado.

Na gaya masa tun daga kwali. Ban sa sunan Baba ba sai inda ya zama dole. Na kwatanta masa da yatsa, ga gurbi, ga roba, ga inda farin ya kamata ya zauna. Na ce na ga tana wasa kuma na ɗaura. Na gaya masa yadda muka sami ta Lamba Huɗu. Direba ne, bai buƙaci dogon bayani ba. Na ga ƙafarsa mai lafiya tana motsi a ƙarƙashin zane, tana neman kuloci.

Ya ce, "A gangaren nan daga biyar nake saukowa huɗu. Kullum. Daidai wajen alamar."

Na ce to a nan ta mutu maka.

Ya daɗe yana kallo na. Ya ce, "An buɗe an gani?"

Na ce an narkar da injin.

Sai ya juya kai. "Tausayina kake ji, Sannu-sannu. Kana so ka ɗaukar min kaya."

Na ce ba tausayi ba ne, da tausayi ne da tuni na faɗa. Tsoro ne ya hana ni.

Ya kama hannuna, yatsunsa sun zama kamar kara. "Kai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa Yayarka ke cin ka a gardama. Kalle ni. Ka tabbata? Ka tabbata ba barci na yi ba?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya saki hannuna. Bai zage ni ba, bai ce ya yafe ba. Ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ba sauti.

Sai na ji an ajiye filas a ƙasa. Yaya tana bayan labule, ban san tun yaushe ba. Ta ce, "Sati uku." Muryarta ƙasa-ƙasa don kada na gadon kusa ya ji. "Sati uku kana zuwa kana zama kana kallon sa yana narkewa. Na tambaye ka a matakala." Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Tashi ka ba shi wuri." Ba ta ce Auta ba.

Na fita na zauna a bencin baranda. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in dawo. Na zauna har inuwa ta tsallake baranda ta hau bango.

Ban tabbata ba. Mai yiwuwa robar Lamba Tara lafiyarta ƙalau har aka jefa ta wuta. Ba ni, ba injiniya, ba wanda zai taɓa sani. Mai keke kuma ko ta wace hanya ce bai koma gida ba.

Kafin in tafi na leƙa ta taga. Yaya tana zaune ta ba ni baya, tana kora masa ƙuda da gefen mayafi. Shi kuma kai ya karkace a matashi, baki a buɗe, yana minshari.